Takun Babana a Kan Gawa

Babana mahauci ne, kuma ɗan dambe. A ƙauyenmu da ke gefen Ƙauran Namoda, in ya kai mutum ƙasa, abin da 'yan dambe ke kira kisa, yana da wani taku nasa shi kaɗai. Zai ja da baya taku uku yana girgiza kafaɗar dama, ya buga hannun da aka ɗaure da zare a ƙirji, ya juya sau ɗaya a kan dugadugansa. Sannan ya durƙusa, ya miƙa wa wanda ya kayar hannun hagu, ya ɗaga shi. Mai kalangu ba ya sauke kiɗa sai wanda ya faɗi ya miƙe tsaye. A bayan rumfar nama ya koya mini, kuma ranar da na kayar da ƙanena na yi taku ukun na ruga ban ɗaga shi ba, sai da ya zane ni da igiyar ɗaure akuya. Har yau akwai tabon a cinyata.

Da na zo ƙasar waje, birnin Greensboro, karatun digiri na biyu, na kama ɗaki a East Greensboro kusa da jami'a. A nan na yi amini, wani ba-Damagare direban babbar mota, mutum mai dariya kamar ba ya da damuwa a duniya. Shi ya koya mini tuƙi a titunan nan da ba a tafiya da ƙafa. Ranar da aka bugo mini waya cewa babana ya rasu, ya ajiye motarsa kwana uku yana zaune da ni, yana dafa mini shinkafar da ko kare ba zai ci ba. Ina faɗin wannan ne don kada a ɗauka baƙo na daka.

Abin ya faro ne a wani bikin suna a garin Pleasant Garden, gidan wani dattijo da muke kira Alhaji, mai filin ciyawa kamar gona. Bayan an ci an sha, wani ya saka kiɗan kalangu a sifika. Ban san lokacin da ƙafafuna suka tashi ba. Aminina ya miƙa wa wani wayarsa, ya zo ya zube a ciyawa da gangan kamar na naushe shi. Na yi takun babana daga farko har ƙarshe, na ɗaga shi, mata suka yi guɗa. Ranar na yi kuka a mota, don daɗi.

Shi ya ɗora bidiyon a intanet. Sai dai ya yanke ƙarshen, inda na ɗaga shi, wai mutanen yanzu ba su da haƙurin kallo. Daga baya ya koyi takun, yana yi a gaban motarsa duk inda ya tsaya shan mai, mutane suna ta yaɗawa. Ban hana shi ba. Ni a tunanina rawa tana da mai ita, kuma kowa ya san mai ita, kamar yadda a garinmu ba wanda zai taka kiɗan wani ɗan dambe ya kwana lafiya.

Wata rana da tsakar rana, a ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki, wani abokin karatuna yana buga gem ɗin harbe-harbe a wayarsa. Na leƙa. Ya harbe wani, ya danna wani wuri, sai ga wani soja mai kan zomo ya ja da baya taku uku yana girgiza kafaɗar dama. Ya buga ƙirji, ya juya a kan dugadugi, a kan gawar wanda aka harbe. Daga nan ya ɗauki bindigarsa ya ruga. Na fizge wayar daga hannun bawan Allah har yatsansa ya yi ƙara. Ya ce mini sayen rawar ake yi a cikin gem ɗin, kuma amfaninta a ci fuskar wanda aka kashe. Na ji kamar an tono babana an saka masa kan zomo.

Na je wurin wata lauya a cikin gari don in kai kamfanin da ya yi gem ɗin ƙara. Ta tambaye ni shaidar cewa rawar tamu ce. Ni kuwa da wautata na shiga ba ta labarin mai kalangu da kirarin babana, na ce duk ƙauyenmu shaida ne. Ta ce tana nufin takarda, ko hoton bidiyo mai kwanan wata. Ta ƙara da cewa dokar ƙasar nan ba ta cika kare ɗan gajeren taku ba, sai doguwar rawa da aka tsara. Sannan ta bincika kwamfutarta, ta juyo mini da ita. Wani ya riga ya kai kamfanin ƙara. A takardar ya rantse cewa shi ya ƙirƙiro takun da kansa, a gaban motarsa. Sunan aminina ne, ba ko harafin sunan babana.

Kwana tara na riƙe abin a cikina. Ban kira shi ba, ban ɗaga kiransa ba, har Babbar Sallah ta zo. Bayan an sauko daga idi jama'armu suka taru a wani lambun shaƙatawa, ana gashin nama, rana tana dukan kwalta. A wurin ajiye motoci na tare shi, yana sanye da farar shadda, ɗauke da tiren nama.

Na ce, “Ashe kai ka ƙirƙiro ta?”

Ya ce, “Mon frère, ɗan'uwana, tsaya ka ji. Lawyer ya ce dole sai sunan mai rai a papier. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Kai kuma student visa gare ka, ban so ka shiga court. Don kai na yi.”

“Ka rantse da Allah a takarda cewa babana bai taɓa yin ta ba.”

“Haba ɗan'uwa, ai formality ne kawai.”

Ya faɗa yana 'yar dariyar nan tasa. Idona ya rufe. Naushin farko a kunne ya same shi, tiren ya tashi sama, nama ya watse a kwalta. Ya ɗaga hannuwa yana cewa in tsaya, ban tsaya ba. Na cafki wuyan rigarsa da hagu, na ja shi, na zuba masa na biyu a muƙamuƙi da dukan ƙarfin da Allah ya ba ni. Ƙarar da na ji irin wadda nake ji ce in babana yana fasa ƙashi da gatari. Ya tafi ta baya, kafaɗarsa ta bugi wata mota, ya zube. Jini ya ɓalle daga bakinsa ya wanke gaban shaddar, haƙori ɗaya yana kwance kusa da tsokar nama. Mata suna salati, wani yana ihu a kira 911, lambar agajin gaggawa.

Ni kuwa ƙafafuna suka yi abin da suka sani. Na ja da baya taku uku, na buga ƙirji, na juya. Wallahi ban yi niyya ba, kuma wallahi na ji daɗinsa.

Da na juyo, sai na ga yana kwance, bakinsa a karkace, ya ɗago hannunsa na hagu sama yana jira. A duk Greensboro ba wanda ya san sauran rawar kamar shi, don shi na ɗaga a ciyawar Alhaji. Na kalli hannun. Na tsallake naman da ya zube, na shiga motata na tafi.

'Yan sanda sun same shi a asibiti. Da yake bakin ba ya buɗuwa, a takarda ya rubuta musu cewa santsin mai ne ya kwashe shi. Wannan ce ƙarya ta biyu da ya rubuta saboda ni. Ya yi makonni da waya ɗaure a haƙora, yana shan kunu da tsinke. Ƙarar ma janye ta ya yi, sojan mai kan zomo yana nan yana rawarsa har gobe. Muna haɗuwa a masallacin Juma'a, shi a wancan ƙarshen sahu, ni a wannan. In ya yi dariya yanzu, gefe ɗaya na bakin ne kawai ke motsi.

Bayan sallar da mako guda Alhaji ya kira ni gidansa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ajiye wayoyi biyu a kan tebur. A ɗaya akwai sojan gem ɗin, a ɗayar akwai ni, don wani ya ɗauki bidiyona ranar a wurin ajiye motoci. Ya kunna su tare. Taku uku, ƙirji, juyi, mutum a ƙasa, mai rawa ya tafi abinsa.

Ya ce, “Malam, ni tsoho ne, idona ba ya gani sosai. Nuna mini wacce ce ta babanka.”

Na kalla sau uku ina neman inda muka bambanta. Abu ɗaya kawai na samu, kuma ban iya faɗa wa Alhaji ba. Shi mai kan zomon ba wanda ya taɓa koya masa sauran.