Lauyan Kunamar Ruwa

Ranar da na fara zuwa sarin kifi bayan rasuwar maigidana, ban iya turereniya ba, sai na raɓe a baya da roba a hannu. Wani dattijon masunci ya hango ni, ya ware min kashi guda a gefen kwalekwalensa. Shekara tara yana min haka.

Shi ne ake kira Lauya yanzu, alhali ko sunansa ba ya iya rubutawa.

A kwanar kogin da yake kamun kifi akwai gaɓa mai tsayi, inda wani shuɗin tsuntsu mai dogon baki, macin kifi, yake haƙa rami ya yi ƙwai. A da irinsa suna da yawa, yanzu da yatsu ake ƙirga su. Cikin yashin ƙasan ruwan kuma akwai kunamar ruwa, ɗan kifi mai faɗi kamar faifai, da ƙaya a wutsiya. Masu tifa suna ta kwashe yashin wurin.

Sai ga ma'aikatan kare muhalli da kyamara, suka tara mu. Wai za a kewaye gaɓar saboda tsuntsun, yashin cikin ruwa kuwa a ci gaba da ɗiba.

Dattijon ya miƙe. "Ranka ya daɗe, tsuntsun nan ado gare shi, shi ya sa ya yi dangi. Ƙwai yake zubawa huɗu, biyar. Ita kunamar haihuwa take yi, ɗaya ko biyu. Shi in an matsa masa ya tashi sama. Ita ina za ta?"

"Baba, ko budurwarka ce?" in ji wani direban tifa. Aka kwashe da dariya.

Ya naɗe ƙafar wando, ya nuna baƙin tabo a idon sawu. "Ga tukwicin da ta ba ni, ɗan nan. Wata biyu ina kwance. Amma ni na taka ta, a ɗakinta."

Shugaban ma'aikatan ya jima yana kallon tabon.

Ranar kafa turakun iyaka, har cikin ruwa aka shiga da su. Lauya na gaba yana jan ƙafa a ƙasa, don kunamar ta ji motsi ta kauce, manyan mutane na biye suna jan tasu. Na tsaya a gaɓa ina hamdala.

Da idanun Lauya suka fara rauni, ya daina fitowa, ya aika aka kira ni.

"Ƙanwata, ke kullum kina bakin ruwan nan. In kin ga turke ya faɗi, kar ki jira kowa. Ki tayar da shi."