Gadin Shinkafar Hankaka

A shekarar da soja suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki, ina koyar da tarihi a wata sakandare a Katsina. Maƙwabcina Ba'indiye ne mai koyar da lissafi, mabiyin addinin Hindu. Katangar da ta raba mu gajeruwa ce, in matarsa ta jefa barkono a mai, mu muke fara atishawa. Tun ranar da aka sauke akwatunansu na naɗa wa kaina rawanin masanin Indiya, hujjata kuwa ita ce na kashe kujerun silima wajen kallon finafinansu tun ina saurayi. Sai kuma na ƙulla wata niyya ba tare da shawarar kowa ba, wai ni zan musuluntar da shi.

Kullum bayan la'asar ina kan tabarmarsa. Ya kawo shayi mai madara da citta, ni kuma in kawo wa'azi. A kusurwar ɗakinsa akwai hotuna da 'yar fitilar man shanu da turaren tsinke: ga mai kan giwa, wanda ya ce da shi ake fara kowane aiki don ya kau da cikas, ga mace a tsaye kan fure, ita ce ta arziki, ga wani shuɗi da sarewa a baki. Wata rana na gyara zama na ce, "Maƙwabci, tsakani da Allah, allolin nan naku nawa ne?"

Da Hausarsa mai ɗingishi, yana tallafa mata da Turanci, ya ce, "Ɗaya ne, Malam, fuskoki ne da yawa. Kai a aji malami ne, a gida miji, a gaban mahaifiyarka yaro. Mutum nawa ne kai?"

Na ce, "Ni ɗaya ne, amma ba ni da kan giwa."

Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ya kan gaya mini cewa a wurinsu rai ba ya mutuwa, jiki yake sakewa kamar yadda ake sake riga, kuma abin da ka shuka a wannan zuwan shi za ka girba a na gaba. In musa, ya saurara, ya ƙara mini shayi. In na koma gida sai in ce wa maiɗakina, "Saura ƙiris." Ita kuma ta ce, "E, saura ƙiris ganyen shayinsu ya ƙare."

Ana tsakiyar hayaniyar zaɓe aka bugo masa waya daga gida: mahaifinsa ya rasu, har an ƙone gawar bisa al'adarsu. Shi ne babban ɗa, shi ya kamata ya kunna wutar, amma ƙanensa ne ya kunna. Na shiga yi masa ta'aziyya, bakin nan nawa da ba ya gajiya ya rasa abin faɗa sai "sannu, ya haƙuri." Suka daina kunna fitilar hotuna, suka koma zama a ƙasa, ni ma na ajiye wa'azi.

Ana gobe kwana goma da rasuwar ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam, ina ake samun hankaki?"

Ya yi mini bayani. A ranar goma ɗa yakan aske kansa, ya dafa shinkafa, ya dunƙula ta da riɗi, ya ajiye a bakin ruwa. In hankaka ya sauko ya taɓa, mamacin ya tafi da zuciya a sake. In ya ƙi, to akwai abin da ya tokare masa rai, kuma ɗan ba zai sa komai a baki ba sai an taɓa. Ya faɗi wannan yana kallon ƙasa, na ga tsoro a fuskarsa ƙarara.

Ni kuwa sai na bugi ƙirji. "Hankaki? A Katsina? Maƙwabci, sai ka ture. Gobe kafin hantsi ka karya kumallo." Da na shiga ɗaki sai zuciyata ta ce, kai Malam, wannan ba hannu a shirka ba ne? Nan take na ba kaina fatawa: ni ba bauta zan yi ba, hanya zan nuna, haƙƙin maƙwabtaka ne. Mai tambaya ni, mai amsa ni, ba a sha wahala ba.

Da safe na ɗauke shi a babur, yana sanye da farin zane, na kai shi wurin wanzamina a Ƙofar 'Yandaka. Wanzami ya dubi farin zane, ya dubi kan da ake so a yi wa ƙwal, ya sunkuyo ya ce, "Malam, mi nike gani? Ya karɓi kalma ne?" Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Murmushi na yi irin na mutumin da ba ya son a yabe shi. Kafin a wanke askar, mutum uku sun riga sun sa mini albarka, ni kuma ina amsa amin ba kunya.

Muka fita bayan ganuwa, bakin wani kududdufi inda ake buga tubali. Ga hankaki nan a kan gawo, sun jeru da farin ƙirjinsu. Maƙwabcina ya zuba ruwa a jikinsa, ya fuskanci kudu, ya jera dunƙulen shinkafa a kan ganye, ya yi 'yan karance-karancensa, muka ja da baya.

Akuya ce ta fara amsa gayyata. Na kore ta, ta kewayo da 'yan'uwanta. Na tuɓe babbar riga ina kaɗawa, ina "kur! kur!" Shirwa ta kawo sura, na yi mata ihu. Hankaka ɗaya ya sauko kan ganuwa, ya karkata kai kamar zai diro, sai ga motar 'yan siyasa da lasifika tana alkawarin ruwan famfo da lantarki a kowane lungu. Fir! Duk suka tashi. Wallahi tun ranar na yanke cewa jam'iyyar nan ba za ta ga ƙuri'ata ba.

Masu tubali suka bar aiki suka zo kallo. Ɗaya daga cikinsu, ashe labarin wanzami ya riga mu isowa, ya ce, "Malam, sabon musulmin ne ke wa tsuntsaye sadaka?" Na ce, "Ku dai ku matsa baya, don Allah." Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Rana ta take. Shinkafa ta fara bushewa, hankaki sun dawo kan gawo amma ko kallonta ba sa yi. Maƙwabcina yana tsaye, sabon askinsa na ƙyalli, leɓensa ya bushe. Tausayinsa ya kama ni, ga kunyar cika bakin da na yi. Ban san lokacin da na haɗa hannu a baki na fara kukan hankaka ba, ni malamin tarihi, mai mata da 'ya'ya, a gaban masu tubali. Hankakin suka dube ni, suka dubi juna.

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Bari, Malam. Ba kira suke jira ba." Ya ce a al'adarsu in hankaka ya ƙi, sai ɗa ya laluɓo abin da ke damun mamacin, ya yi alkawarinsa da baki a fili.

Ya matsa gaba, ya haɗa tafukan hannu, ya yi magana da harshensu. Muka jira. Shiru. Ya waiwayo ya ce mini ya yi alkawarin aurar da autarsu da hannunsa. Ya sake magana, wannan karon cewa ba za a sayar da gonar gado ba. Hankaka ɗaya ma sai ya juya mana baya yana gyaran fiffike.

Ya ƙara matsawa gaba. Har masu tubali suka yi tsit. Can ya faɗi wata magana gajeruwa, ya sauke hannu.

Ni dai na san tsuntsu tsuntsu ne, yunwa da shiru ne suka sauko da shi, kuma har gobe a nan na tsaya. Amma da idona na ga ɗaya ya diro, ya yi tsalle a karkace, ya dube mu, ya kai baki ya fasa dunƙulen. Sauran suka biyo shi.

"Alhamdu lillahi!" Ni ne na kwarma ihun, har da ɗaga riga sama. Maƙwabcina ya zauna daɓas a ƙasa yana kuka kamar yaro, yana cewa, "Ya ci, Malam, ya ci." Na durƙusa na riƙe shi, ni ma idona ya cika.

Da ya ɗan natsu, bakina ya dawo aikinsa. Na ce, "Wai me ka faɗa a ƙarshen nan?"

Ya share fuska da gefen zanensa. "Duk shekara mahaifina yana cewa in dawo, ni kuma ina cewa baɗi. Na ce masa in an yi hutu zan koma gida gaba ɗaya, in riƙe mahaifiyata."

Murna ta koma ciki, ashe maƙwabcin nawa zan rasa. Na ce, "Haba maƙwabci, tsuntsu ne fa! Yunwa ce ta sauko da shi, ko me ka faɗa zai ci."

Ya ce, "Wataƙila. Amma na riga na faɗa."

Na dubi baƙin tsuntsun nan da na wuni ina yi wa gadin shinkafa, yana ta cika ciki hankali kwance. Na duƙa na ɗauki hoge, wallahi jifa na yi niyya. Maƙwabcina ya riƙe mini hannu ya ce, "Bar shi ya ƙoshi, Malam."