Bokitin Baba da 'Ya'yan Tarwada Talatin

Shekarar da na fara aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a unguwar Ilupeju ta Legas, ita ce shekarar da kifin Baba ya shiga mutuwa. Tarwada yake kiwo a tankunan roba biyu a bayan gidanmu na Agege, tun da ciwon gwiwa ya raba shi da sayar da albasa a kasuwa. Kullum da safe sai ya tsamo biyar ko shida, ciki a sama.

Bai yi wata-wata ba ya ɗora laifin a kan Anti, wata 'yar kudancin Kaduna da mijinta ya rasu, wadda ke zaune a ɗakin ƙarshe tun kafin a yaye ni. Kusa da tankunan take wanki. Baba ya ce kumfar sabulunta ce, don haka dole ta nemi wani wurin zama kafin wata ya ƙare. Matar da ta goya ni a bayanta fa! Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ni kuwa aikina ke nan a ofis: a sa abu a ruwa, a zuba kifi, a ga ko zai kashe su cikin kwana huɗu. Na ce, "Baba, ka ba ni kwana huɗu kawai."

Ya ce, "Ke da kika fara aiki jiya-jiya?"

Na je na sayo sabbin robobi uku da 'ya'yan tarwada talatin masu girma ɗaya, goma a kowace. Ta farko ruwa zalla, ita ce shaida: in na cikinta suka mutu, ruwan ne da kansa. Ta biyu na yayyafa mata kumfar Anti, har fiye da abin da zai iya fantsama. Ta uku kuma na cika ta da ruwan da na ɗebo a shuɗin bokitin da Baba yake ƙara wa tankuna ruwa da shi. Na daɗe ina ganin a cikinsa yake dama fiya-fiya, maganin sauron da yake watsawa a kwata.

Nan fa Baba ya taso mini. "Bokitin nan sau bakwai nake wanke shi! Kwanon da kare ya sa baki ma wanki bakwai ake yi masa."

Na ce, "Baba, wancan tsarki ne. Roba tana riƙe guba ko an wanke."

Ya yi tsaki ya shige ɗaki. Wata rigimar kuma ita ce abinci, don ba a ciyar da kifin gwaji, abincin yakan ɓata ruwa. Baba ya ce alhakinsu a wuyana. Sai da na ɓoye buhun abincin a ƙarƙashin gadona.

Ina duba su da safe kafin in hau danfo, motar haya, zuwa aiki, in sake dubawa in na dawo. Wanda ya kwanta, sai in taɓa wutsiyarsa da tsinke. In bai motsa ba, in cire shi in rubuta. Wallahi ni ma ban san abin da zai fito daga robar kumfa ba. Anti kuwa har ta fara ɗaure tukwanenta a buhu.

Rana ta biyu na tarar da na robar bokitin Baba suna juyi kamar masu hajijiya, uku sun tafi. Rana ta huɗu, na ruwa zalla goma cif, na kumfa tara, na bokitin Baba biyu suka rage.

Baba ya leƙa robobin ɗaya bayan ɗaya, hannu a baya. Can ya ɗauko wuƙa ya huda gindin bokitin, ya ɗingisa zuwa ɗakin ƙarshe, ya yi sallama. Ina bayansa.

Ya ce wa Anti, "Ki yafe mini, ki kwance kayanki. Malama ta gwada, laifina ne."

Na waiga in ga wace Malama ce ta shigo gidan. Ashe ni yake nufi. Tun daga ranar an yabe ni a wurare da dama, amma ban taɓa jin alfahari irin na wannan yammacin ba, ina durƙushe ina taya Anti kwance igiyar buhunta.