Injin da Yaya Ya Saya

Yayana kafinta ne a Ƙofar Kibo. Da zarton hannu ya raine ni bayan rasuwar mahaifinmu, har na zama malamin makaranta. Da kafaɗarsa ta fara ciwo, sai ya ce zai sayi injin tsaga katako, irin mai tebur ɗin nan da zarto ke leƙowa ta tsakiya. Ya ce in raka shi kasuwa. Na san ɗan rakiya kawai yake so, don Yaya bai taɓa neman shawarata ba.

Inji biyu muka tarar. Ɗaya ɗan gwanjo ne, da murfi a kan zarton da zai kare hannu, amma kuɗinsa ya fi ƙarfinmu. Ɗayan haɗin masu walda ne, zarton tsirara, haƙora a waje. Shi ne mai araha.

Mai injin mai arahar, wani dattijo da ya daina kafinta, ya miƙo mini hannu muka gaisa. Sai na ji hannuna bai cika ba. Na duba a fakaice: yatsu biyu babu.

Na ja Yaya gefe, na ce, "Yaya, ka ga hannun bawan Allahn nan kuwa?"

Ya ce, "Na gani mana. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa."

"Mu haƙura zuwa baɗi, mu sayi mai murfin."

"Kai dai ka san alli," in ji shi. "Kafin baɗi kafaɗar nan ta ajiye ni. Sa'an nan wa zai ciyar da gidan?"

Raina ya ɓaci, amma na san albashina ko ni bai ishe ni ba. Muka ɗora injin a adaidaita. Har muka shiga gari, Yaya sai shafa teburin yake kamar wanda ya sayi ragon layya.

Injin yana aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Ƙyauren da ke cin Yaya kwanaki yanzu a yini yake haɗa shi, kafaɗar ma ta yi sauƙi. Ni ne dai hankalina ya ƙi kwanciya. Gidana na bayan shagon. In na ji kukan injin sai in kasa cin abinci, in ya yi shiru farat ɗaya kuma sai in miƙe tsaye, alhali wuta ce kawai aka ɗauke.

Kullum bayan sallar Magariba nakan tare Yaya a ƙofar masallaci mu gaisa. Yana tsokanata wai na zama mai ladabi da tsufa, don ba na saurin sakin hannunsa. Bai san yatsun nake ƙirgawa ba.