Bindigar Lulash a Ƙusar Prenga

Yayana Lulash direba ne. Tun ina yarinya shi ke sauko da mutanen ƙauyukanmu na kan dutse zuwa Shkodra a tsohuwar bas ɗinsa, ya komo da su tare da buhunan fulawa da gulmar birni. Ƙato ne mai gashin baki kamar tsintsiya, kuma a duk tsaunin nan shi kaɗai ne namijin da bai taɓa rataya bindiga ba. Yakan ce sitiyari ma ya ishe shi kashe mutum in ya ga dama.

Ran nan wasu samari suka tare shi a kwanar gada, suka kwantar da shi a titi gaban fasinjojinsa, suka kwashe abin da suka samu. Ko ƙwarzane bai yi ba. Washegari ya fito aiki yana raha, amma ni da ke zama a kujerar gaba na ga yana ta waige-waige duk sanda muka doshi gadar.

Da ɗansa Nikolin ya zo hutu daga Italiya, sai ya yi ta zirga-zirgar takardun izini, ya sayo masa bindigar aljihu. Ina gidan aka buɗe kwalin, don tun rasuwar matarsa ni ke kula da shi.

"Wannan kuma fa? Laitar kunna taba ce?"

"Bindiga ce, Baba. Harsashi shida take ci."

"Shida? A ina take zuba su?"

Ya damƙe ta, yatsu biyu suka rasa wurin zama. Muka zaga bayan gida, ya auna gwangwani, ya ja kunama. Ta yi wata siririyar ƙara mai shiga kunne, ta cije shi a gindin babban yatsa, gwangwani kuwa yana nan daram.

"Ƙarama, ga tsiwa, ga cizo, kuma ba ta zuwa inda aka aike ta," ya ce yana tsotsar yatsa. "Kamar gwaggonka sak."

Ni yake nufi. Ya rantse ba zai taɓa fita da abin wasan yara ba. To ni ke wanke falmaran ɗinsa, na kuwa ga aljihun dama ya fara lotsawa. Tausayinsa ya kama ni.

Amininsa shi ne Prenga, wanda ya yi wa Nikolin askin fari, a wurinmu kuwa wannan ya fi cin nono ɗaya. Gidansa na bakin hanya. Kullum Lulash ya iso sai ya danna oda, Prenga ya fito da zagi, matarsa Dila ta biyo shi da cuku a ƙyalle.

Ranar bikin waliyyin ƙauyensu muka je. Prenga na tsaye a ƙofa yana karɓar makaman baƙi yana ratayewa a ƙusoshin bango, kamar yadda muka gada: ka ba mai gida makaminka, ranka ya koma wuyansa har ya mayar maka. Lulash ya saba miƙa makullin mota ya ce ga nasa makamin, a yi dariya. Ran nan na ga hannunsa ya taɓa aljihu. Sai ya dubi mazan da ke miƙa bindigogi dogaye kamar taɓarya, ya dubi ƙasa. In ya fito da wannan 'yar aba, kowa zai san gada ta cinye masa zuciya. Ya miƙa makulli.

Ana cikin hira ya sunkuya zai karɓi gahawa, sai ga bindigar tim a kan darduma.  Prenga ya ɗauke ta da yatsu biyu.

"Lulash, wa ka zo kashewa a gidana?"

"Haba ɗan'uwa, wace irin magana ce wannan?"

"To in ba kisa ba, rufin ɗakina ne ka ga bai isa ya tsare ka ba."

Ya ajiye masa ita a gabansa. Ya ba shi nama mafi kyau, ya raka shi har bakin mota, bai rage komai daga haƙƙin baƙo ba. Da ma zaginsa ya yi, da ya fi sauƙi.

Daga ranar oda ta daina buɗe ƙofar. Lulash bai fasa dannawa ba, ƙofa ba ta fasa yin shiru ba. Ya rame, ya daina tsokanar fasinja. Har ƙanƙara ta fara sauka muna haka. Na gaji na ce masa, "Yaya, girman kai rawanin tsiya ne. 'Yan fashi kuɗin yini ɗaya suka ɗauka, kai kuma kana neman zubar da Prenga da hannunka."

 Washegari, mota cike da mutane, ya taka birki a ƙofar gidan. Bai danna oda ba. Ya sauka ya ƙwanƙwasa, muna leƙe ta taga. Da Prenga ya fito, Lulash ya zaro bindigar, ya riƙe ta ta baki, ya miƙa masa.

"Tsoro nake ji, Prenga," ya faɗa da ƙarfi, kowa na ji. "Tun ranar gada ban daina ba. Kunyar faɗa ce ta sa na ɓoye ta."

Prenga ya daɗe yana juya ta a tafin hannu.

"Dila! Miƙo zare. Wannan ɓeran ko maratayi ba shi da shi."

Ya shiga ya rataye ta a ƙusa, ya fito hannu wayam.

"To ba ni in tafi, mutane na jira," in ji Lulash.

"Ba zan bayar ba. Muddin tana bangona, kai baƙona ne, ko a gida ko a gada. A kai wa samarin nan labari: wanda ya taɓa ka, gidan Prenga ya taɓa. Wuce, tsohon banza, kana ɓata wa mutane lokaci."

Kafin la'asar fasinja sun baza maganar har kasuwa. Lulash ya ci gaba da tuƙi har idonsa ya gaza, kuma ban ƙara ganin yana waige-waige a gada ba. Bara muka binne shi. Nikolin ya je karɓar bindigar, Prenga ya hana, ya ce baƙonsa bai yi masa sallama ba tukuna.