Sunansa a Takardar Fasinjoji

Maigidana ne ya yanki tikitin, ba ni ba. Injiniya ne, ya shekara talatin da ɗoriya yana aikin gadoji a jihar Maryland. Tun da muka koma unguwar Fort Washington ya ɗauki al'adar tsayawa a bakin kogin Potomac da yamma, yana kallon jiragen ruwan da ke wucewa da 'yan yawon shaƙatawa. Ya sha ce mini da zarar ya yi ritaya sai mun shiga ɗaya. Ba manyan nan masu kama da gari guda yake so ba. Ƙarami yake so, mai yin mako guda yana zaga ruwan Chesapeake, kullum ya tsaya a wani gari, a kwashi fasinjoji a bas a kai su ganin ƙauyuka da gonaki, a dawo da su kafin magariba. Ya yi ritaya a watan Janairu, ya kama mana wuri a jirgin Oktoba, ya rasu a watan Afrilu bayan jinyar kwana tara.

Na fita daga takaba a ƙarshen Agusta. A lokacin masu zaman makoki sun daɗe da watsewa. 'Yarmu ta koma Houston wurin mijinta da aikinta, ɗanmu ya koma inda yake koyarwa, ni kuma dama na riga na ajiye aikin jinya. Wata rana ina kwashe durowar teburinsa na ci karo da ambulan ɗin tafiyar. A bayansa ya rubuta abin da za mu ɗauka: rigunan sanyi, madubin hangen nesa, maganin hawan jinina, dadduma biyu.

Na gaya wa 'yata a waya. Ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci, kamar yadda muka saba tun tana ƙarama. Ta ce lallai in je, zaman gida ni kaɗai ba zai yi mini kyau ba. Ta nemi hutu don ta raka ni, ba a ba ta ba. Sai na tafi ni kaɗai.

Ranar shiga jirgi a Washington na ce wa matar da ke karɓar takardu mutum ɗaya ne zai yi tafiyar. Ta danna kwamfutarta, ta miƙo mini makulli, ba ta tambayi dalili ba. Ɗakin gado biyu ne da taga babba. Da jirgin ya biyo kogi muka zo daidai unguwarmu, na fito na tsaya a jikin ƙarfe ina neman wurin da yake tsayawa. Daga ruwa duk bishiyoyin iri ɗaya suke, ban gane wurin ba har muka wuce.

Kwana biyun farko ban sauka ba. A rana ta uku na ce wa kaina in dai zan zauna a ɗaki ne, gara in zauna a na gidana. Na sa rigar sanyi a kan atamfata, na gyara mayafi, na rataya madubinsa na hangen nesa, na bi sahun mutane.

Bas ɗin yana jiranmu a bakin ruwa, a wani ƙaramin gari na gabashin Maryland. Mai yi mana jagora wata Baturiya ce 'yar wajen shekara hamsin, gajeriya, mai kakkausar murya. A garin aka haife ta, ta ce ubanta da kakanta duk masu kamun kaguwa ne. Ita da direban da motar suna bin jirgin ta tudu, duk inda ya tsaya su tare shi. Ta tsaya a gaba da takarda a hannu tana kiran suna, mutane suna amsawa bibbiyu, miji da mata. Ta kira nawa, ta ɗan karya shi, na ɗaga hannu. Sai ta kira nasa.

Ashe takardarta tsohuwa ce, ba a gyara ba. Wata shida rabona da jin an kira sunan nan ana jiran ya amsa. Duk wanda ya ambace shi a wannan tsakani, da addu'a yake biyo shi. Ta sake kira, wannan karon a hankali, tana ƙoƙarin faɗinsa daidai, tana duban kujerar da ke gefena.

"Ba zai zo ba," na ce.

"Ayya, ruwa ne ya juya masa ciki? Jiya an yi iska. Ki ce masa ya kwanta ya huta, gobe za mu gan shi."

Ta wuce suna na gaba kafin in buɗe baki. Da na so, da na ɗaga murya na gyara. Amma mutum talatin ne a motar, kowa da murmushinsa da kyamararsa, ƙarfe tara na safe. Na gyara zama, mota ta tashi.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu tudu ko ɗaya. An gama girbin masara, sai kututturen kara jere har inda ido ya tsaya, can nesa rumbunan ƙarfe suna ƙyalli. Waken suya ya bushe a gona yana jiran inji. Na tuna gonar mahaifina a wajen Malumfashi lokacin kaka, sai dai can ba ka rasa mutum a gona, nan kuwa mun yi tafiya mai nisa ban ga ko ɗaya ba. Jagorar tana ta bayani a lasifika: wane gida ya fi tsufa, wace gona ruwan gishiri ya fara ci, wane tsibiri ne ya nutse tun tana yarinya. Ta iya labari. Takan tsaya daidai inda ya kamata a yi dariya, kuma a yi.

A kujerar da ke tsallaken tawa akwai wata tsohuwa daga Ohio, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, da mijinta mai nauyin kunne wanda barci ya ɗauke tun kafin mu bar gari. Ta leƙo ta ce mayafina ya yi kyau, ta tambaye ni daga ina nake. Na ce asalina Najeriya, amma gidana yana nan kusa, mun ma wuce ta gabansa.

"Mijinki fa, me yake yi?"

"Injiniya ne," na ce. "Gadoji yake ginawa."

A Hausa, da na ce injiniya ne ban yi ƙarya ba, haka ake faɗi ko mutum yana nan ko ba ya nan. Amma Turanci muke yi, kuma Turanci ba ya barin mutum ya fake. Dole ka zaɓa tsakanin mai rai da wanda ya wuce. Na zaɓi mai rai, na ji bakina yana faɗa.

Daga nan kuma abin ya zo mini da sauƙin da ya ba ni tsoro. Da muka hau wata doguwar gada tsohuwar ta ce, "Da yana nan da ya gaya mana yadda aka yi ta." Na ce ai da ya hana kowa sakat, don ba ya tsallake gada bai kushe wanda ya zana ta ba. Ta yi dariya har ta tashi mijinta. Na ba ta labarin yadda yake dafa shayi da citta da kanumfari, ba ya yarda kowa ya taɓa masa tukunyar. Na ce yana minshari amma ya rantse ni ce nake yi. Ta ce nata ma haka. Muka zama mata biyu masu ƙorafin mazajensu, irin hirar da ban san na yi kewarta ba.

An tsaya da mu a wata fadama mai faɗi inda tsuntsaye ke sauka a hanyarsu ta kudu. An shimfiɗa katako a kan ruwa ana takawa. Dinya ce birjik, da farar balbela, da wata mikiya a kan busasshiyar bishiya. Na sa madubin a ido ban ga komai ba sai hazo, don an daidaita shi ne da idonsa. Na daɗe riƙe da shi kafin in murza. Ma'aurata uku suka miƙo mini wayoyinsu in ɗauke su hoto, tunda ni ce mai hannu a sake.

Abincin rana a wata gona aka ba mu, a kan dogayen tebura cikin tsohon ɗakin ajiyar hatsi: wainar kaguwa, masara, da burodin tuffa mai zaƙi. Na ci kaɗan, na zagaya bayan ginin na shimfiɗa daddumata a kan ciyawa na yi azahar. Da na sallame na zauna ina istigfari. Na yi niyyar da na koma zan gaya wa tsohuwar gaskiya. Ina zagayowa sai ga jagorar tana nufo ni da farin kwali a hannu.

"Na sa an zuba masa," ta ce. "Babu naman alade, na tambaya. In cikinsa ya kwanta ya ɗanɗana, kada ya ce ya zo ƙasarmu bai ci kaguwa ba."

Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Kwalin da ɗuminsa. A hanyar dawowa na ajiye shi a kujerar gefena, na riƙe shi da hannu ɗaya don kada ya zame in mota ta yi kwana. Rana ta yi ƙasa, mutane suka yi tsit, wasu sun jingina kai a kafaɗar juna. Ni kuwa daɗin da na ji da safe ya gama zama nauyi.

Na shiga ɗaki na ɗora kwalin a tebur. Na idar da la'asar ke nan aka ƙwanƙwasa ƙofa. Tsohuwar Ohio ce, da 'yar leda ta alewar citta.

"Tana maganin jiri," ta ce da ƙaramar murya. "Barci yake yi?"

Na buɗe ƙofar gaba ɗaya. Ta ga gadon da ba a taɓa ba, ta ga akwati ɗaya, takalmi ƙafa ɗaya na mace. Ta dube ni.

"Ya rasu a watan Afrilu," na ce. "Ki yafe mini. Ban san abin da ya sa na yi miki haka ba."

Fuskarta ta yi ja, na ga tana lissafin duk abin da ta faɗa tun safe. Ta ce babu abin yafewa, ta riƙe hannuna, ta ce ko ina so ta zauna. Na ce a'a, na gode. Ta rasa yadda za ta yi da alewar, sai ta damƙa mini ta tafi. Abincin kwalin ni na ci shi a tsaye bakin taga, ya huce, don ban iya zubar da shi ba kuma ban iya fita ɗakin cin abinci ba.

Washegari na sake shiga motar. Jagorar ta tare ni a bakin ƙofa ta dafa kafaɗata. Da ta zo kiran suna ta kira nawa, daidai wannan karon, ta wuce na gaba ba tare da ta ɗaga kai ba. Na san abin da ya dace ke nan. Duk da haka sai da na juya fuskata ga taga.

Labarin ya zaga jirgin. Kowa ya koma yi mini kirki. Ana riƙe mini ƙofa, ana ba ni kujerar gaba, in na matso kusa da masu dariya sai su sassauta murya. Babu wanda ya sake miƙo mini waya in ɗauke shi hoto. Tsohuwar tana gaishe ni kowace safiya da kulawa, tana tambayar ko na yi barci, amma ba mu ƙara yin hira irin ta ranar ba. Na je duk sauran yawon da ya rage: gidan ajiyar tsofaffin kwale-kwale, wata gonar tuffa, wani ƙauyen masunta inda aka yi mana ruwan sama. Na gani, na saurari bayani, na dawo.

Da jirgin ya dawo Washington na ɗauki tasi zuwa gida. Ganye ya zube ya rufe ƙofar gareji. Na ajiye akwati a falo, ko mayafi ban cire ba na kira yayar maigidana a Kano, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta kusa tamanin yanzu. Muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan na kwashe duk abin da ya faru na gaya mata, har kwalin abincin. Na zaci za ta yi mini faɗa.

Ba ta yi ba. Sai ta ce, "To me da me kika gaya musu a kansa?"

Na faɗa mata.

"Ba ki gaya musu tsoron kaza yake yi ba?"

"Yaya, tsoron kaza kuma?"

"Har ya shiga sakandare ba ya iya kama kaza. In aka aike shi akurki, ni yake zuwa ya roƙa a ɓoye."

Shekara talatin da huɗu muna tare ban san wannan ba. Na jawo kujerar kicin na zauna, na ce ta ba ni labarin tun daga farko.