Sabulun da na kai wa Gwaggo

Ranar wata Laraba ce, wajen ƙarfe huɗu na yamma, a tsakar gidanmu da ke Randagi. Mu uku ne: ni, da Gwaggo yayar mahaifina, da wata maƙwabciya da ta kawo jaririnta wanka. Shekara da shekaru Gwaggo ce mai wankan jarirai a unguwar.

Ta ɗago yaron daga ruwa, ba ta goge shi ba, ta lakato man kaɗanya ta mulke shi da danshinsa. Hannuwanta ma haka ta yi musu.

"Gwaggo, mai a kan ruwa? Ai datti kike rufewa," na ce. Lokacin ina gabatar da shirin lafiya a rediyo. Na ciro sabulun kashe ƙwayoyin cuta da na taho da shi daga Kaduna, na ce ta riƙa dirje hannu da shi, ta bar man nan mai wari.

"Kin ji 'yar rediyo," ta ce wa maƙwabciyar tana dariya. "Da mai warin aka yi mata wannan ƙyallin." Amma ta karɓa. A Randagi ba a musu da muryar da ake ji a rediyo.

Bayan wata biyu hannuwanta suka tsattsage, har da jini. Da aka faɗa mini a waya, cewa na yi ta ƙara wankewa.

Daga baya na gayyaci wani likitan fata cikin shirin. Ya ce fata kamar katangar tubali take. Tsakanin tubalan akwai wani kitse da ake kira seramaid, shi ke riƙe su, ya hana ruwan jiki fita. Tsufa yana rage shi, sabulu mai ƙarfi yana wanke shi. Mai kuwa, in ji shi, an fi so a shafa shi tun fata tana da danshi. Na gode masa, na faɗi lokaci, na rufe shirin. Muryata ba ta yi rawa ba.

Gwaggo ta saurari shirin. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban ba ta haƙuri ba. Man shafawa mai seramaid na aika mata ta hannun wani ɗan acaɓa, kamar aike zai maye gurbin baki.

Hannuwan sun warke cikin damina. Amma masu jego sun riga sun ga tsagar da jinin, sun koma wajen wata mata a bayan masallaci. Gwaggo ba ta sake wanke jariri ba.